Kalmomin da Ba Ka Koya wa Malam Chan Ba

Plumstead, London

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, hannuna ya fara rubuta fatan kana lafiya kamar yadda ka koya mini a buɗe wasiƙa, sai na tsaya na goge. Na san ba za ka karanta wannan ba. Amma babu wanda zan iya gaya wa abin da ke cina sai kai, ko da yake lokacin da kake nan ɗin ma ban taɓa iya gaya maka komai ba in ba sannu da zuwa ba.

Umma tana takaba. Ba ta fita daga gida, tana zaune kusa da hitar ɗumama ɗaki da carbinta, ta rame har zobenta ya koma ɗan yatsan tsakiya. Ƙanena Sani ya koma makaranta, kuma tun da babu mai harararsa yanzu, in an yi masa Hausa sai ya amsa da Turanci. Abokanka na ofishin da ke kusa da Charing Cross sun zo addu'ar arba'in, sun cika falo har kan matakala. Kawu Sule ya aiko cewa da zarar Umma ta fita takaba zai zo ya kwashe mu. Ya ce a Kano yanzu kuɗin mai ya sa ko'ina gini ake yi, ana ta buɗe makarantu, ba abin da zai zaunar da mu a ƙasar sanyi ba uba. Umma ta ce to. 

Maganar Malam Chan ce ta sa na ɗauki biro.

Ka tuna ranar da ka dawo daga kasuwar Woolwich kana ba Umma labarinsa? Ka ce ka ga wani dattijo ɗan China a gaban mai kifi, yana nuni da yatsa, mai kifin yana ɗaga masa murya kamar kurma. Ka ce ka san wannan kallon da ke idonsa, don kai ma da shi ka shiga sakandare a Zariya. Daga nan aka fara ajin Turanci na Litinin, ranar da shagunan abincin 'yan China suke rufe, a ɗakin nan na ƙarƙashin zauren da hukumar unguwa ta ara maka. Masu girki, masu wanke kwanuka, da mata biyu daga gidan wanki. Kowannensu Malam kake ce masa, har sunan ya bi su.

Ni kuma ina zaune a matakala duk daren Lahadi ina jin ƙarar tafiretarka, kana buga musu labari da takardar kabon. Labarin masuncin Yauri da ya tsamo mutane bayan jirgin ruwa ya kife. Labarin matar da ta shiga rumbu yana ci da wuta. Labarin direban jirgin ƙasa da ya ƙi tsalle ya bar fasinja. Ka ce mutumin da ya wuni yana soya wa wasu abinci ba zai zauna ya karanta cewa kyanwa ta hau tabarma ba, a ba shi labarin da zai sa ya ɗaga kai. In ka gama bugawa sai ka karanta da ƙarfi kai kaɗai, kana jan kalmomin a hankali, brave, danger, rescue. Ban taɓa gaya maka cewa na haddace su duka ba. Ban taɓa gaya maka cewa saboda muryar nan taka nake son zama malama ba. Kunya ce ta hana ni, ina ganin akwai lokaci.

Baba, ba ka san abin da ya faru bayan ka faɗi a gaban allo ba. Mei, 'yar Malam Chan da muke makaranta ɗaya, ita ta ba ni labari, ita ma daga bakin uwarta ta ji. Malam Chan ya fita a guje zuwa akwatin tarho na bakin titi. Ya san lambar da ake bugawa in ana neman agaji. Da wata mata ta ɗauka, sai ya faɗi duk abin da ka koya masa. Ya ce akwai haɗari. Ya ce a zo a yi ceto. Ya ce malaminsa jarumi ne. Matar ta yi ta tambayarsa, shi kuma bai gane tambayar ba. Ƙafarsa ta san hanyar zauren, bakinsa bai san sunan titin ba. Bai san kalmar ƙirji ba, bai san kalmar numfashi ba, bai san yadda ake kiran motar asibiti ba. Sai ya saki wayar tana lilo, ya koma, ya goya ka a bayansa, ya hau tudun nan da kai har ɗakin likita. Dattijo ne, Baba, kuma ka fi shi tsawo. An ce ƙafafunka suna jan ƙasa.

Ka yafe mini, amma na yi fushi da kai. Na yi kwanaki ina tambayarka a zuciyata. Me ya sa ka koya musu sunan takobi da ambaliya, ba ka koya musu sunan titin da suke zaune a kai ba? Ka san ƙirjinka yana damunka tun bara, Umma ta faɗa mini. Ko sau ɗaya bai zo maka a rai ba cewa a gabansu zai kama ka? Na san ajali ne. Likitan ma ya gaya wa abokanka cewa ko motar ta zo nan take, abin da zai faru ke nan. Na yi istigfari, amma tambayar ba ta tafi ba.

Mei ta fassara wa babanta maganar likita, ya ce wannan irin maganar da ake yi wa yara ce don su yi barci. Ya ce bakinsa ne ya kashe malaminsa. Tun daga ranar bai sake furta kalmar Turanci ba, ko godiyar da yake yi wa masu sayen abinci ya daina, ya shige kicin ya bar matarsa a kantar sayar da abincin. Kuma ka san shi ne babbansu. In bai zo aji ba, sauran ba za su daɗe ba.

Ni na karɓi ajin. E, ni, wadda malamarmu ta rubuta a sakamakona cewa ba ta san muryata ba. Umma ta ce in je, ladan naka ne. Litinin ta farko mutum uku suka zo, na tsaya a inda kake tsayawa, takarda tana rawa a hannuna, har ɗaya daga cikin matan gidan wanki ta taso ta riƙe mini gefenta. Na yi ta karanta musu tsofaffin labaranka. Suna maimaitawa cikin ladabi, amma idonsu yana kan kujerar Malam Chan.

Sai na yi tunanin da na ɗauka dabara ce. Na zauna a tafiretarka na buga labari irin naka, na mai girkin da ya goya malaminsa ya hau tudu. Na sa sunansa. Na sa maganar tarhon, don in shigar da kalmomin da suka ɓace masa ranar, in jera su a ƙasan takarda kamar yadda kake yi. Baba, a wurinmu ai haka ake yi, ko ba haka ba? Wanda ya goya maka uba, a gaban jama'a ake ambaton sunansa. Umma kanta kullum tana faɗa wa masu zuwa gaisuwa, tana sa masa albarka. Na ce in ya ji kansa a cikin jerin masuncin Yauri da direban jirgi, zai san yadda muka ɗauke shi.

Mei ta lallashe shi da cewa 'yar malaminsa ce ke kira, bai iya ƙi ba. Ya zo ranar Litinin ɗin nan da ta wuce, da riga mai guga, ya zauna. Ganin ya zo, ɗakin ya cika. Na fara karatu. Da na kai kan sunansa, sai na ga matan sun sunkuyar da kai. Da na kai wurin tarho, ya miƙe. Ya rusuna mini, ya mayar da kujerarsa ƙarƙashin tebur a hankali don kada ta yi ƙara, ya fita. Na ci gaba da karantawa, don ban san yadda ake tsayawa ba. Na kai ƙarshe na yi tambayarka ta kullum, wa ya yi jarumta a labarin nan. Ba wanda ya amsa.

Da safe a makaranta Mei ba ta zauna kusa da ni ba. Sai lokacin tara ta same ni a bayan ɗakin karatu, idonta ja. Ta ce na tuɓe ubanta a gaban yaransa na kicin. Ta ce na ɗauki abin da yake ɓoyewa ko daga matarsa na mai da shi darasi, na buga kofi na raba wa kowa. Ta ce a wurinsu ba a yabon mutum a kan abin da bai ƙare da rai ba, yabon ya fi zagi zafi. Ta ce ta san ba da mugunta na yi ba, kuma wannan ne ya sa ba ta san da wa za ta yi fushi ba.

Baba, ina za ni da wannan? Mutumin da ya ɗauke ka a bayansa, ni 'yarka na saka masa da kunya. Na rasa ka, ajinka kuma da hannuna na watsa shi. Da kai ne, da ka sani. Kai ka san lokacin yin shiru. Ni shirun kawai na iya, ranar da na buɗe baki kuma ga abin da na yi.

Na gaya wa Umma ina kuka. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta tashi ta soya waina, ta zuba a kwano ta rufe, ta ce in kai masa ta ƙofar bayan shagonsu, kuma kada in ba shi haƙuri da wani dogon Turanci, in ajiye kawai in tsaya.

Jiya bayan makaranta na je. Yana yanka kabeji, bai ɗago ba. Na ajiye kwanon na tsaya. Ba ni da yarensa, shi kuma ya ajiye wanda muke haɗuwa a kai. Hawaye suka zo mini, na kasa tare su. Ya tura mini wani akwatin katako da ƙafa, na zauna, ya ci gaba da yanka. Na yi zaton haka za mu rabu.

Can sai ya ajiye wuƙar, ya goge hannu, ya ɗora tafinsa a ƙirjinsa yana kallona. Na gane. Na faɗa masa kalmar. Ya maimaita bai yi daidai ba, ya sake, ya sake. Sai ya kama hannunsa na hagu, wurin da aka ce kai ma ka riƙe. Na faɗa masa. Ya ja numfashi da ƙyar ya nuna bakinsa. Na faɗa masa. Daga nan ya dunƙule hannu ya kara a kunne. Ni ma na kara nawa, na zama matar tarhon. Na tambaye shi wane taimako yake so, yana ina, me ya faru. Ya kasa, muka koma farko. Mun yi ta yi, matarsa tana leƙowa daga kanta tana komawa. A ƙarshe ya faɗe shi duka ba tsayawa, motar asibiti, sunan titin zauren, mutum ya faɗi, ƙirjinsa na ciwo, ba ya numfashi sosai.

Na yi tsammanin zai yi murmushi. Sai ya ɗaga kai ya dubi agogon bango, ya daɗe yana kallo, kuma na san abin da yake aunawa. 'Yar wannan maganar ce, Baba, ko minti ba ta kai ba. Ya ɗauki wuƙarsa ya juya mini baya, kafaɗunsa suna motsi. Ban sani ba ko magani na ba shi ko ciwon na ƙara zurfafawa. Bai ce zai zo Litinin ba, ni kuma ban iya tambaya ba.

Ga takabar Umma tana ta raguwa, ga Kawu yana shirin zuwa. Na tambayi abokanka ko akwai mai karɓar ajin, kowa ya ce aiki ya yi masa yawa. Akwai mutum a ɗakin nan da ke da jariri, akwai mai tsohuwar uwa a gida, kuma babu ɗayansu da zai iya abin da Malam Chan ya iya jiya. Yaya zan koya musu duk wannan kafin a sa ni a jirgi? Kuma in na cire musu jarumanka na bar su da sunan titi da sassan jiki, za su ci gaba da zuwa? Kai ka san abin da yake kawo su. Ni na san abin da suka rasa. Ban san yadda ake haɗa biyun a takarda ɗaya ba tare da na ji wa wani ciwo ba.

Zan gwada. Labarin Litinin na wata mata ce a wani gari da babu shi, ba ta da suna, maƙwabcinta ya faɗi, ta je ta buga tarho. Zan buga har da kofin Malam Chan in ajiye a kan kujerarsa. In aka tashi kofin yana nan a ajiye, zan ɗauka in bi ta ƙofar baya in zauna a kan akwatin katakon nan har sai ya juyo.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya haskaka kabarinka, ya sa kowace kalma da ka koya musu ta zama haske gare ka. Ka huta lafiya.

Ni ce 'yarka,
Bilkisu