Bindigar Mansur da Kafaɗar Kamalu

Malumfashi,
Talata da hantsi.

Zuwa ga ƙanena Mansur,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Nana Khadija da Mus'ab. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, Ya tsare ka a kan dogayen hanyoyin nan na Amurka da kake wuni kana jan babbar mota a kansu. Mu ma nan muna lafiya. Baba yana nan da ciwon gwiwarsa, amma har yanzu da ƙafarsa yake zuwa masallaci, kuma ba ya yarda a riƙe shi. Idon Inna Marka ya yi sauƙi tun da aka yi mata aiki a Funtuwa, yanzu har tsintar shinkafa take yi tana kushe ta kowa. Damina ta yi albarka, masara ta bushe a tsaye, an fara tuge waken suya. Ni kuma ina nan ina fama da ƴan aji huɗu kamar yadda ka bar ni.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna, tunda mun saba da saƙon murya. Gaskiya tsoron waya nake ji yanzu. Idan na gama, ƴata Zakiyya za ta ɗauki hoton takardar ta tura maka, sannan ta goge a gabana. Ka daure ka karanta har ƙarshe, don kwana tara ke nan kaina a ɗaure yake, kuma kai ne silar abin ba tare da ka sani ba.

Ka tuna bidiyon da ka turo wa ƙanenmu Kamalu bayan Babbar Sallah? Wanda kake tsaye a wani fili da hular hana-sallah da baƙin tabarau, ka toshe kunnuwa da wani abu irin na ma'aikatan gidan rediyo, kana riƙe da doguwar bindiga mai gindin katako. Ka yi bisimilla, ka harba sau goma a jere, ka juyo kana dariya har da riƙe ciki. Daga baya ka biyo da bayani, ka ce tsohuwar bindigar sojojin wata ƙasa ce, da suka daina aiki da irinta aka sayar wa ƴan kasuwa, kai kuma ka saya a shago da takardarka, wai ko kuɗin wayar hannunka ba ta kai ba. Ka ce kwana biyu ka yi kana kankare mata daskararren giris, kuma duk jan kunama harsashi ɗaya take fitarwa, ita ke ɗura wa kanta na gaba. Ka ce ran Asabar kuke zuwa da abokanka ku harbi takarda.

Ranar da Kamalu ya nuna wa Baba ina gidan. Mutumin da ya shekara arba'in yana farauta da adaka, yana auna albarushi da tafin hannu, sai da ya sa aka maimaita masa sau uku. Ya tambaya me takardar ta yi maka. Ya tambaya wa zai ci abin da aka harba, harsashi goma babu ko zabo. Sannan ya ce a tambaye ka mutum nawa bindigar ta kashe kafin ta zo hannunka, don shi bai ga yadda za a shigo da ƙarfen da ba a san tarihinsa ba cikin gidan da yaro yake kwana. A lokacin dariya na yi ta yi har da hawaye, na ce Baba ya tsufa. Ban taɓa turo maka tambayar tasa ba.

To ga abin da ya faru. Kwana tara da suka wuce Kamalu ya hau babur da safe zai tafi Kafur sayen buhunan zuba masara. Tun harin da aka kai ƙauyen da ke yamma da mu cikin damina, ƴan sintiri suka kafa shinge a bakin hanya, kuma yawancin samarin da ke tsaronsa daga garuruwan maƙwabta aka haɗo su, ba su san kowa ba. Abu biyu suke dubawa. Suna karɓar waya su bincika, kuma suna sa namiji ya tuɓe riga su duba kafaɗarsa, don wai wanda ya saba yawo da bindiga a daji igiyarta tana yi masa kanta. Ka san Kamalu. Duk daminar nan tankin feshi ne a bayansa, ya yi wa gonarmu, ya yi wa mutane na haya, igiyar ta ci masa kafaɗa har ta yi baƙi. Su ma samarin manoma ne, rabinsu idan aka tuɓe su haka za a gani, kuma na tabbata da kafaɗar ce kaɗai da sun sallame shi. Amma ɗayansu ya riga ya buɗe wayar ya ga mutum mai fuskar Kamalu yana ɓarin wuta da bindigar soja yana dariya.

Ya rantse musu yayansa ne da ke Amurka. Ya kira ka sau uku a gabansu ba ka ɗaga ba, daga baya Zakiyya ta ce lokacin barci kuke. Ganin baƙuwar lamba ma sai ya ƙara musu zargi. Suka zaunar da shi a rana har azahar, mutane suna taruwa. Allah ne Ya kawo Sama'ila shugabansu, wanda kuka yi firamare tare, ya janye shi ya kai shi gidan Dagaci maimakon wani wuri. Ba sai na rubuta maka abin da ake yi wa wanda aka kira infoma a ƙasar nan ba. Dagaci ya riƙe wayar, ya ce kada Kamalu ya bar gari, kada kuma ya je gona tunda gonarmu ce ta ƙarshe kafin daji, har sai dattawa sun yanke magana ranar Juma'ar nan mai zuwa. Idan ba su gamsu ba, ko a miƙa shi ga hukuma, ko a ce ya kwashe iyalinsa ya bar garin.

Da labari ya iso ni na bar abin da nake yi na hau mota zuwa garinmu. Na shiga zauren Dagaci da ƙarfina, ina ganin magana ce ta minti biyar, tunda duk wanda ke wurin ya san Baba ya haifi maza biyu. Ashe ba haka ba ne. Su dai, Mansur ɗin da suka sani siririn yaro ne marar gemu da ya tafi shekara goma sha biyu da suka wuce. Na cikin bidiyon kuwa ya yi jiki, ya tara gemu, hula da tabarau sun rufe rabin fuska, abin da ya rage kuma hancin Kamalu ne da haƙoransa. Ni da na goya ku duka biyu sai da na ƙura ido. Sannan wani ya ce shi a talabijin Amurka benaye ce da ƙanƙara, wannan kuwa jar ƙasa ce da ƙayoyi, ba ta da maraba da dajin bayan Mahuta. Wani ya ce in Amurka ce me ya sa mutumin yake Hausa irin tamu. Waɗannan duk na ba su amsa, har da zafi. Sai Kofur Ɗanasabe, tsohon sojan nan da ke zaune kusa da masallaci, ya yi gyaran murya. Ya ce shekara ashirin da biyu ya yi a soja, kullum da yamma sai an ƙirga bindigogi an kulle, ko kwanson harsashi ya ɓata sai an tsare mutum. Ya ce in faɗa masa wace gwamnati ce a duniya za ta kwashe bindigogin sojanta ta zuba a shago kamar fartanya, direban mota ya shiga ya saya. Abin kunya, a raina sai na ji maganarsa ta fi tawa kama da gaskiya.

Don haka nake tambayarka, kuma kada ka yi min wannan dariyar taka. Da gaske a shago ka saya? Takardar da ka ce kana da ita, wa ya sa mata hannu? Maƙwabtanka sun san tana gidanka suke gaisawa da kai? Kuma idan babu ɓarayin daji a wurinku, babu mai kore muku shanu, me ya kai ka? Kai da ko yankan kaza sai ka kawar da kai. Mu nan idan aka ji irin wannan ƙarar mata suna goya yara ne su nufi cikin dawa, ku kuma kun mai da ita wasan Asabar. Na yi ta juya abin ban gane ba. Ba zarginka nake yi ba, so nake in samu abin da zan faɗa wa kaina tukuna.

Akwai kuma wanda ya fi wannan ɗaure min kai. Bayan la'asar ɗin ranar, Sama'ila ya same ni a soron gidanmu shi kaɗai. Ya ce shi ya gane ka tun kallon farko, daga yadda kake riƙe ciki in kana dariya, amma ba zai iya faɗa a bainar jama'a ba, don yaransa za su ce yana kare abokinsa. Har na fara yi masa godiya, sai ya sassauta murya ya ce idan da gaske abin da araha haka, ko za ka iya saka musu ko guda biyar ne a cikin tsofaffin motocin da ake turowa daga can. Ya ce da adaka suke fuskantar mutanen da ke harbi ba tsayawa, kuma cikin daminar nan ya binne yaransa na sintiri uku. Na rasa ko in zage shi ko in yi kuka. Bindigar da ake neman korar ƙanena saboda hotonta, ita ce shugaban masu tsaron yake roƙo. Na ce masa ba zan isar ba, ga shi kuma na isar, don ban iya riƙe magana. Amma ka ji da kyau, kada ka kuskura. Ko zancen kada ka yi da shi, wannan hanya ce ta kurkuku a can da nan.

Halin da ake ciki a gida babu daɗi. Ƴan ƙwadago sun ƙi zuwa karyar masarar, ko da Baba ya aika da kansa. Murja matar Kamalu ta yi awara kwana biyu tana dawowa da ita, ta daina. Ƴarsu Bushra ta je gidan maƙwabta wasa aka ce ta koma gida. Idan Kamalu ya shiga sahu, na kusa da shi sai ya ɗan matsa. Murja ta fara ƙulla kaya a ɓoye, na gani a ƙarƙashin gado. Baba kuwa ya ce idan aka kori ɗansa shi ma ba zai kwana a garin ba, mutumin da bai taɓa yin wata guda a wani wuri ba.

Ga abin da nake so ka yi. Dagaci ya yarda in zo da wayata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Da ƙarfe uku daidai za mu kira ka ta bidiyo, Zakiyya ta ce tara na safe ke nan a wurinku. Ko kana kan hanya ka nemi wuri ka tsaya, ko za su rage maka albashi. Kamalu zai zauna kusa da wayar, mutane su ga fuskokin nan biyu a lokaci ɗaya, kowace tana motsi da kanta. Ka cire hula da tabarau. Ka gaishe da dattawa ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ka nuna musu titi da gidaje ta taga, ka riƙe takardar nan taka a hannu don Kofur. Ita bindigar ce ban san yadda za a yi da ita ba. Baba ya ce dole ka nuna ta, in ba haka ba za a ce ba kai ba ne a bidiyon. Murja ta ce idan aka sake ganin ɗan gidanmu da ita a hannu an gama da mu. Da safe ina bin bayan Baba, da yamma ina bin bayan Murja. Ka ajiye ta kusa inda ba a gani, idan Dagaci da kansa ya nema ka ɗauko, kuma don Allah kada ka yi dariya.

Ka gaishe min da Nana Khadija sosai, ka ce ina nan ina jiran hoton Mus'ab da kayan makaranta, amma ta turo wa Zakiyya. Baba da Inna Marka suna sa muku albarka. Maigidana yana gaishe ka, haka Murja da Bushra.

Kamalu bai san na rubuta wannan ba. Shi ya hana kowa ya faɗa maka, ya ce kana da nisa, ba abin da za ka iya sai dai ka zauna kana zargin kanka a bakin sitiyari. Na tambaye shi me ya sa bai goge bidiyon ba tun farko, ya ce a nan ne kawai yake ganinka kana motsi. Jiya kafin in taho na same shi zaune a zaure da rana tsaka, na ce masa zan yi magana da kai cikin satin nan, ko yana da saƙo. Ya ce in gaishe ka, idan ka tambaye shi in ce yana gona.

Allah Ya sada mu da alheri, Ya kai mu Juma'a lafiya.

Yayarka,
Tasalla