Baba, Ka Latsa, Ni Ne Ban Gyara Adireshin Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Baba. Bayan gaisuwa ta ladabi da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinka, ɗanka ne Bashar, wanda kake tsokana da Injiniya tun kafin in san hanyar makaranta. Na san ba za ka karanta wannan ba. Na rubuta ta a fili ne saboda a gaban mutane na yi maka laifi, a gaban mutane ya kamata in wanke ka.

Ka tuna hutun da na dawo garinmu Isa daga Sakkwato da kwamfuta a jaka, ina tafiya kamar ni na ƙirƙiro lantarki? Lokacin hanya ta lalace da 'yan bindiga. Duk ranar da ka ɗaura buhunan gero a babur za ka kasuwar Bafarawa, ko ka bi ta Sabon Birni ka ƙetara Nijar, Inna ba ta cin abinci sai ka dawo. Kira ba ya shiga a daji. Sai na ce za ni haɗa maka manhaja mai maɓalli ɗaya: ka latsa, ko sabis ɗin kaɗan ne, saƙo ya shiga wayar Inna cewa ka iso lafiya.

Ga abin da ban taɓa yi maka bayani ba, don na ɗauka ba za ka gane ba. Mai haɗa manhaja ba a wayar gaske yake fara gwaji ba. Akwai wata waya ta gwaji da ke fitowa a fuskar kwamfuta, muna ce mata emuleta. Tana da maɓallai, tana da agogo, amma ba ta taɓa shiga aljihun kowa ba. Kafin ta aika saƙo sai ka gaya mata adireshin da za ta kai shi, kuma adireshin lambobi ne. Kwana uku na yi a zaure ina neman lambobin nan. Na sa waɗanda na sani, sai wayar ta riƙa aika wa kanta. Na tona cikinta na ga nata adireshin, shi ma ba shi ake so ba. A rana ta uku na gano wanda take kiran kwamfutata da shi, 10.0.2.2. Ina sa shi kwamfutar ta miƙa saƙon, wayar Inna ta yi ƙara a tsakar gida, na yi ihun da ya kori kaji. Ka leƙo ka ce, “Injiniya, ko an yi maka haihuwa ne?”

Abin da na manta shi ne, adireshin nan a cikin kwamfutata kawai yake aiki. Kamar ka ce wa ɗan aike ya kai saƙo “ɗakin da ke hannun dama”: a gidanmu kowa ya gane, a Bafarawa kuwa ba ya nufin komai. Akwai adireshin gaske na intanet da ya kamata in musanya kafin in sa maka manhajar a wayarka. Ban musanya ba. Kuma don son burgewa na tsara ta yadda da an latsa kore zai fito, ko saƙo ya tafi ko bai tafi ba. Ranar da na sa maka, ka latsa, kore ya fito, wayar Inna kuma tana wurin mai caji. Ban jira an karɓo ta ba.

Ranar kasuwa ta zagayo, ka tafi. Da hantsi labari ya shigo gari cewa an tare hanya. Azahar ta yi, babu saƙo. La'asar ta yi, babu. Ni na koya wa Inna cewa in saƙo bai zo ba to ba lafiya, sai ga shi ta zauna a ƙasa da waya a cinya, mata sun cika gida, ƙaninka Kawu Sani yana shirin tara mutane. Gab da magariba sai ga ƙarar babur ɗinka. Ka shigo ka tarar ana kukanka kana raye.

Ka ce, “Wallahi na latsa. Sau biyu nit tsaya bisa hanya, har koren nan ya hito.” Ka miƙo mini wayar in duba.

Baba, ban karɓa ba. Wannan hannun naka da ya tsaya a miƙe shi ne yake hana ni sukuni har yau. Kwamfutata na buɗe, na latsa a wayar gwaji, wayar Inna ta yi ƙara a gaban kowa. Sai na yi murmushi na ce, “Baba, ka ce mantawa ka yi, ai ba laifi ba ne.”

Kai da fatake ke ba ka amanar kaya har Nijar ba tare da shaida ba. Kai da in aka yi gardama a kasuwa ake cewa a kira Malam Ummaru, abin da ya faɗa shi ke nan. Ɗan da ka haifa ya ƙaryata rantsuwarka a gaban matarka da ƙaninka da maƙwabta, kuma cikin ladabi, wanda ya fi zagi ciwo. Ka mayar da wayar aljihu ka ɗauki buta. Kakan ce laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Na sha jin haka a bakinka, ban san ni ake jira da shi ba.

Daga nan abin ya zama wasa a gida. In ka manta hula sai a ce, “Kamar dai latsawar nan.” Kana dariya tare da su. Na koma Sakkwato ina gaya wa abokai cewa matsalar mutanenmu ba sa son koyon sabon abu. Kunyar wannan maganar kaɗai ta ishe ni.

Bayan damina zazzaɓi ya kwantar da kai, kwana biyar Allah Ya karɓi abinsa. Da aka yi arba'in Inna ta ba ni wayarka in goge ta. Da safe na haɗa ta da kwamfuta, na ce bari in leƙa manhajar sau ɗaya. Sai ga lambobin nan suna kallona. A ƙarƙashinsu saƙonni a jere, duk suna jiran tafiya, kowane da ranarsa da lokacinsa. Biyun ranar nan suna ciki. Ashe bayanta ma ba ka daina ba. Duk ranar kasuwa sai ka tsaya a hanyar da kowa ke gudun tsayawa, ka nemi sabis, ka latsa abin da ka san an daina dubawa, saboda kawai ɗanka ne ya haɗa shi.

Gyaran bai kai minti ɗaya ba. Hannuna ya riga tunanina, na musanya adireshin, na manta inda saƙonnin za su sauka. Sai na ji wayar Inna tana ƙara a ɗakinta, tana yi tana ƙarawa. Ta fito da carbi a hannu ta miƙo mini in karanta mata. Wannan karon na karɓa. Na durƙusa na karanta su ɗaya bayan ɗaya, na iso lafiya, na iso lafiya, har na kai na ƙarshe. Sannan na gaya mata komai.

Sai ta ce, “Ni ma na yi mishi dariya.” Ban san ta inda za ni fara ba ta haƙuri ba, don ni na sa ta.

Na je na gaya wa Kawu Sani. Na bi gidajen matan da suka zo ranar. Sauran da labarin ya kai musu, ga shi ku karanta: Malam Ummaru ya latsa.

Ya Allah, Ka gafarta wa Baba, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa rashin kunyata ya zama nauyi a mizaninsa na alheri, Ka yafe mini abin da ban samu na roƙe shi ba. Inna ta hana a goge saƙonnin. Takan sa in karanta mata na ƙarshe ranar Juma'a, kuma kullum amsarta ɗaya ce: amin, Allah Ya sa ka iso lafiya.

Ɗanka mai jin kunyarka,
Bashar