Hannun da Aka Ɗaure

Yaya,

Jikata bahaguwa ce! Na faɗa kafin gaisuwa, don tun Talata maganar ke tsalle a bakina. To, yanzu ina wuni? Yaya gwiwar taki, da yara da jikoki? Mu nan lafiya lau.

Tsuntsuwa nake nufi, 'yar ɗana direba, mai shekara huɗu. Ta shigo shago ta tsinci guntun alli, ta zana kaza a jikin katako da hannun hagu. Na mayar mata da allin dama, ta harare ni, ta ce angon nata ya cika shisshigi, ta mayar hagu. Na yi dariya har da hawaye.

Ke kaɗai kika rage da kika san dalili. Kin tuna tsumman da Baba ke ɗaure mini hannu da shi, ke kina riƙe ni? Shekara arba'in ina kafinta da hannun aro. Kowace kujera na yi sai an cusa mata takarda a ƙarƙashin ƙafa, har unguwa ta sa mini suna Baba Karkace. Ina dariya tare da su. Amma in shago ba kowa, nakan tura ƙofa in ɗauki guduma da hagu kamar mai sata, ƙusa ta shige da bugu biyu.

Dubi rubutun nan. A ajin yamma malam ya ce rubutuna kamar kaza ta yi tono. Wannan da hagu na yi shi.

Uban yarinyar ya ce zai ɗaure mata hannu kafin ta shiga makaranta. Na ce sai dai ya fara da nawa.

Ki gaida kowa.
Ƙaninki, kafinta.

Yaya,

Takardarki ta iso, na gode. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Kin ce tsofai-tsofai da ni ina tono abin da Baba ya binne, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaya, zancen icce ki bar wa kafinta. Wanda aka tanƙwara dole, ranar da ya bushe tsagewa yake.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Direba ma da hagu ya fara ɗaukar cokali. Ni na ɗaure shi, kuma na fi Baba tsanani. Duk sanda na ga hannun nan nasa ya miƙe, sai raina ya ɓaci, ban san da wa nake faɗa ba. Ashe da kaina ne.

Jiya da hantsi ya zo shago da tsumma a aljihu, ya ce a fito masa da 'yarsa. Na ce ba inda za ta. Ya dube ni ya ce, "Baba, ai kai ka koya mini."

Sai na buɗe ƙofar shago duka biyu, mai gyaran keke da tela suna kallo, na ɗauki guduma da hagu na kafa ƙusa uku a jere. Tela ya ce ashe Karkace ɓoye mana gwani yake. Na ce masa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sannan na miƙa wa ɗana gudumar, na roƙe shi gafara a gabansu. Da ya miƙo hannu, Yaya, hagun ne ya riga. Ƙusarsa ta farko ta lanƙwashe, ta biyu ta shige. Tsumman yana nan, da shi nake goge zarto.

Abinci da gaisuwa za ta yi da dama, wannan ban ja ba. Alli da fensir kuwa nata ne. Wanda bai ji daɗi ba ya zo ya same ni a shago, har ke.

Na yi mata kujerar karatu mai allon rubutu a gefen hagu, ni da ubanta muka haɗa. Ki zo, ki taho da yara da jikoki da duk wanda ya taɓa kirana Karkace. Ku zo da takardarku ta cusawa, ku gani ko za ku sami inda za ku sa ta.

Ina gaida ku duka.
Ƙaninki, Bahago.