Ƙyallen da Na Yanka a Rigar Babanku

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Ni ce Marka, matar marigayi Alhaji Ummaru mai awon auduga a Dandume. Da hannuna nake wannan rubutu, da ɗan bokon da na samo a ajin yaƙi da jahilci, don haka wanda ya ga harafi ya karkace ya yi haƙuri. Hankalina ɗaya, ba gigin tsufa, ba kuma wanda ya matsa mini. Ƙafafu ne suka kumbura, numfashi ya fara yi mini rowa. Likita a Funtua ya yi ta kewaye-kewaye, ni kuwa na gane inda ya dosa tun bai rufe baki ba. Na shaida babu abin bautawa da gaskiya sai Allah, Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, manzonsa ne. A kan haka nake fatan cikawa.

Wasiyyar taku ce ku uku: Babba, ɗan farina, wanda kowa ya san ba na kama sunansa, sai Zakariya, sai autata Jamila. A kira Rabi'atu matar Babba ita ma ta zauna, don rabin takardar nan tata ce.

Niyyata a ajiye ta sai an dawo daga kai ni. Malam Awaisu limamin unguwarmu da ya karanta sai ya ƙi. Ya ce haƙƙin da ke ciki ba irin wanda ake aikowa daga kabari ba ne, mai shi yake saukewa tun yana numfashi. Na yi kwana biyu ina jin haushinsa, a na uku na ga gaskiyarsa. Shi ya sa yake karanta muku ina zaune. Kada wanda ya katse shi. Zakariya, da kai nake.

Na ɗaya. Ɗakina, da tumunin gadon babanku da na samu a gonar Mahuta, da awakina huɗu, da 'yan kwanukana, ba ni zan raba ba. Allah ya riga ya raba, malamai za su faɗa muku. Kada a yi mini taron da ya fi ƙarfin aljihunku. A wanke ni, a sallace ni, a kai ni da wuri.

Na biyu. Bargunan ƙyalle. Na san kuna yi mini dariya a kansu, har dangin babanku suka laƙaba mini Marka mai tsumma. Oho dai. Shekara talatin da ɗoriya ina wannan ɗinki, ban taɓa sayar da ko ɗaya ba, ban kuma taɓa jin ya gundure ni ba. Bayan yaye Jamila na fara. Gab da wata sallah na shiga layin teloli a kasuwar Funtua, na ga ana share guntayen atamfa ana zubarwa, ja da kore da ruwan ɗorawa da ruwan goro, abin ya tsaya mini a rai. Na roƙi buhu guda na ɗauko a ka. Babanku ya tambaye ni ko sharar gidanmu ce ba ta ishe ni ba. Da sanyi ya shigo kuwa, shi ya fara janye bargon ya bar ni da zane.

Na ɗinka sun haura arba'in. Yawancinsu suna gidajen masu jego da tsofaffin unguwa, kada wanda ya je tambayarsu. Biyar suka rage. Tunda magaji ba a yi masa wasiyya, uku na ba ku kyauta tun yau, a gaban Malam. Mai ja da fari na Jamila. Mai kore, wanda na haɗa da ragowar yadin makarantarku, na Zakariya. Mai ruwan toka da baƙi na Babba, tunda shi tun yana yaro ba ya son abin da ke jan ido.

Bargo na huɗu, mai kaurin nan, a kai wa ƙanena Mudi a ƙauyenmu na bayan Danja. Bai bar abin da iyayenmu suke yi ba, bai musulunta ba, na yi masa nasiha har na gaji. Amma nono ɗaya muka sha, kuma duk kaka shi yake aiko mini da audugar da nake cusawa a bargunan da kuke rufa da su. Ku kai masa da ƙafarku, ban ce a ba direban mota ba. Ku zauna ku ci abin da ya halatta a gidansa, ku ce masa Kawu.

Na biyar ɗin shi ne wanda nake rufa da shi. Maganarsa tana tafe.

Na uku. Gwangwanin allurai, da almakashi, da bakan shiɓar auduga, da buhu biyu na ƙyallaye, Jamila ta ɗauka in 'yan'uwanta sun yarda. Na san hannunki ya fi sabawa da latsa waya, amma kin iya, na gani. Ki wanke kowane ƙyalle daban kafin ki haɗa, don ja yana zuba, rana ɗaya zai ɓata miki aikin wata uku. Kada ki jera masu haske wuri guda, ki riƙa raba su da mai duhu. Audugar kuma ki cire mata angurya tas, ko ƙwaya ɗaya kika bari ɓera zai huda bargo ya nemo ta. Ɗinkin da zai riƙe audugar ki bar yatsa uku tsakanin layi da layi, in ya fi haka za ta dunƙule a wanki na farko. Abu na ƙarshe, kada ki sa almakashi a tufar da ba taki ba, ko da tsumma ce, sai kin tambayi mai ita. Ni na yi, ga abin da ya jawo.

Na huɗu. Zakariya, yanzu za ka san dalilin da ya sa na aika maka ka taho da rigar babanku daga Malumfashi.

Duk kun san ta, babbar rigar saƙi mai aska tara, wadda ya saya shekarar da auduga ta yi kyau, yake sa ta ranar idi kawai. Kun san Babba ya nuna yana so, da aka zo rabon gado kuma ƙuri'a ta faɗa kan Zakariya. Kun san an warware ta a zaure a gaban mutane aka ga an yanke mata faɗin tafin hannu a ƙasa ta baya. Rabi'atu ce ta wanke kayan, ita ta ninke, mabuɗin akwatin yana hannunta. Nan take Zakariya ya ce ita ce ta yi don baƙin ciki, kuma mijinta ne ya sa ta. Babba ya rantse, ba a saurare shi ba. Kafin mako ya zagayo Zakariya ya kwashe iyalinsa ya bar gidan, gonar Mahuta da kuke nomawa tare aka ja mata shinge a tsakiya. Damina bakwai ke nan ba ku haɗa ido ba. Ko gaisuwar sallah sai kun tambayi Jamila ranar da ɗayan zai zo, don kada ku gamu a ɗakina.

To ni na yanka rigar.

Kwana tara da rasuwarsa, ina cikin takaba, da hantsi Rabi'atu ta tafi kai niƙa ta bar mabuɗin a kan akwati. Na buɗe don in ga kayansa kawai. Ƙanshin turarensa bai fita daga rigar ba duk da wankin. Na ce kowa zai tafi da wani abu nasa, bari ni ma in ɗebi ɗan kaɗan daga shafin ciki, inda ba mai gani, in sa a bargona. Idona cike da hawaye, almakashi ya haɗa shafin da jikin rigar ya yanke. Da na ga abin da na yi, sai na ninke wurin ciki na mayar, a kan zan san dabarar da zan yi. Washegari aka fitar da akwatin zuwa zaure, aka sa masa kwaɗo.

Ranar rabon ina ɗaki, ina jin komai. Labule kawai zan ɗaga in ce ni ce. Ban ɗaga ba. Na ji kunyar a ce Marka mai tsumma ta kai har ga yanka rigar mamaci, kayan gado, tun ba a yi arba'in ba. Na ce bari mutane su watse. Da suka watse na ce bari Zakariya ya huce. Sau biyu ina hawa mota har Malumfashi da maganar a bakina, in ci tuwo, in yi wasa da jikoki, in dawo da abata. Wallahi ba mantawa na yi ba, tsoro ne. Zakariya, kai kake ɗaga murya a kan duk wanda ya taɓa ni, na ji tsoron ranar da za ka dube ni da idon da ka dubi Rabi'atu.

Ƙyallen yana tsakiyar bargon da nake rufa da shi, shuɗi mai duhu, na kewaye shi da ruwan ɗorawa. Sau nawa kuna zama a kansa kuna gaishe ni. Bargon yana da ɗumi, barcin ne dai ba daɗi.

Na biyar. Jamila, ga reza nan a ƙarƙashin matashina. In Malam ya gama, ki warware ɗinkin a hankali, ki ciro ƙyallen, a shimfiɗa rigar a tabarma a ɗora shi a gurbinsa kowa ya gani. Zai zauna daram. Naka ne Zakariya, haƙƙinka ne na riƙe shekara bakwai, ka yafe mini. Amma ka sani, laifina bai wanke naka ba. Ba ka gani da idonka ba ka yi rantsuwa a kan matar yayanka. Zuciyar babanka ka ɗauko, sai dai shi in ya gane ya yi kuskure ba ya kwana bai je ba da haƙuri ba, wannan ma ka ɗauko. A zaure ka yi maganar, a zaure za ka janye ta. Mutanen da suka ji, waɗanda suke raye, a kira su. Ba a waya ba, ba a saƙo ba.

Na shida. Rabi'atu, ke ba magajiyata ba ce, don haka ke ce zan iya yi wa wasiyya. Bargon na biyar naki ne, da akuyar nan mai ciki, a fitar miki kafin a raba komai.

Ku ji abin da ba ku sani ba. Rabi'atu ta san ni ce tun shekara biyar da suka wuce. Ta fitar mini da bargon shanya, ta baza shi a igiya, sai na ga ta tsaya cak. Ita ta wanke rigar da hannunta, ta san saƙar. Ta dubi ƙyallen, ta dube ni, ni ma na dube ta. Abin da ta ce kawai shi ne hadari yana haɗuwa, gara a shigar da shi da wuri. A lokacin nan matan unguwa sun daina ba ta riƙon kayan amarya a biki, in ta shiga taro ana jan jaka kusa da jiki. Kalma ɗaya za ta faɗa ta wanke kanta. Ko mijinta ba ta gaya wa ba. Ta ci gaba da dama mini kunu, ita take zura mini zare a allura tunda idona ya yi rauni, ita take matsa mini ƙafafun nan da suka kumbura. Ni na haifi 'ya'ya uku, amma ban san na taɓa yi wa wani abin da yarinyar nan ta yi mini ba.

Bargon zai zo miki da rami a tsakiya. In kin so ki cike shi da ƙyallen da ranki yake so, in kin so ki bar shi haka, in kuma ganinsa zai riƙa ɓata miki rai ki ba da shi, ba zan ga laifinki ba. Yafiyarki nake roƙo, ba don na cancanta ba.

Na bakwai. Shingen gonar Mahuta a cire shi kafin ruwan shuka. Ban ce lallai ku haɗa rumbu ba, kowa ya girma da iyalinsa. Amma a yi huɗa rana ɗaya, a ci abinci a inuwa ɗaya. 'Ya'yanku sun gamu a tashar Funtua bara ba su gane juna ba, Jamila ce ta ba ni labari, na kasa cin abinci ranar. Sallah mai zuwa, ko ina nan ko ba na nan, a gidan nan za ku yi ta, rana ɗaya. Ku riƙe Jamila, kada gidan mijinta ya ga ba ta da kowa. Ku riƙe sallah, ku riƙe zumunci. Allah ya yi muku albarka, ya shirya muku zuriya, ya sa ku gama da duniya lafiya. Allah ya jiƙan babanku, ya yafe mini abin da na yi wa rigarsa da gidansa.

Saura Babba. Ranar da aka ce kai ka sa matarka, ka duba ƙofar ɗakina, na hango ka ta gefen labule. Ka jira in fito, ban fito ba. Daga baya da mutane suka tambaya, sai aka ce ai Marka kara ta yi, uwa ba ta shiga faɗan ɗan fari. Har yaba mini aka yi. Na karɓi yabon na fake a bayansa, alhali ba kara ba ce, rashin gaskiya ne. Shekara hamsin da biyu ban kama sunanka ba, ban ci abinci a gabanka ba, ban taɓa tsaya maka a gaban mutane ba, kai kuma ba ka taɓa kwana ba ka leƙo ka tambayi yadda na yini ba. Waccan kunyar ta al'ada ce, ban yi nadamarta ba. Ta ranar zaure ce nake nadama.

Malam, ka tsaya nan. Abin da ya rage da bakina zan faɗa.

Saminu, ɗana, ka yafe mini. Allah ya yi maka albarka, Saminu.