Moɗar da Na Miƙa wa Mai Gidan Mai

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna.

Bayan gaisuwa irin ta 'ya da mahaifiyarta, ina fatan makwancinki na da sanyi da yalwa. Ni ce Hajara, autarki, mai bakin da kika gaji da kwaɓa. Shekara biyu ke nan da rabuwarmu, sai yau na sami labarin da ya isa in kawo miki. An wanke sunanki, Inna.

Kin tuna daminar da rijiyarmu ta fara wari. Rijiyar da kika sa aka haƙa a ƙofar gida, ba a tsakar gida ba, don kowa ya ja ruwa ba sai ya yi sallama ba. Aka wayi gari guga na fitowa da maiƙo mai launi-launi a sama, tuwo na warin tasha, yara na kukan ciwon kai. Kika sansana, kika ce, "Ruwa ba ya tsami banza."

Baba da dattawa suka je wurin Alhajin da ya gina gidan mai a saman layinmu. Ya ce tankinsa na ƙarƙashin ƙasa sabo ne fil. Sannan ya tambaye su, yana murmushi, ko wace ce ke sayar da kalanzir a kwalba a unguwar nan. Kowa ya san ke ce. Shi ke nan. Kafin la'asar magana ta zaga, wai kin gaji da hayaniyar mata a ƙofarki, kin tsiyaya kalanzir don ki kore su. Har Gubuchi ta kai, wajen danginki. Matan da suka tsufa suna jan ruwanki suka daina amsa gaisuwarki.

Ke kuma da taurin kanki! Kullum da safe sai ki ja guga, ki cika moɗa, ki sha a gaban masu wucewa, don su ga ba abin da kika zuba. Na roƙe ki, na yi kuka, na kawo miki ruwan leda daga Makarfi, kika rabar sadaka. Ajali ne, na sani. Amma na ga yadda kika rame, kuma ban manta ba.

Bayan rasuwarki warin ya isa rijiyar masallaci, babu ke, babu kalanzir ɗinki. Sai a lokacin aka tuna ana kai ƙara. Watan jiya masu bincike suka zo daga Kaduna da injin huda ƙasa. Suka jera ramuka tun daga gidan man har fadama, suna zaro ƙasa suna ɗurawa a kwalabe. Suna da wata na'ura mai sansana ƙasa, in ta ji mai sai ta yi ƙara. A bayan katangarmu ba ta yi shiru ba sai da aka kashe ta. Wata injiniya a cikinsu ta zura kwalba a rijiyarki, ta ɗaga ta a rana, ga mai nan kwance a kan ruwa, kaurin yatsa biyu. Ta ce ruwan ƙarƙashin ƙasa ma gangare yake bi, kuma daga tankin Alhaji gidanmu yake fara tararwa. Ta ce fetur ne, ba kalanzir ba. Na sa ta maimaita a gaban mai unguwa.

Aka tono tankin. Tsoho ne, Inna, fenti kawai aka shafa masa. Tsatsa ta huda gindinsa, da kaina na zura yatsa.

Jiya Alhajin ya zo zaurenmu da liman da dattawa neman afuwa. Ke kika koya mini cewa baƙo ruwa ake fara ba shi kafin a ji abin da ya kawo shi, kuma ban saɓa tarbiyyarki ba. Na ɗauko moɗarki, na ja guga suna kallo, na durƙusa har ƙasa, na miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa. Ya kai ta kusa da baki, ya tsaya. Ya dubi liman, liman ya dubi tabarma. Ya kasa sha, ya kuma kasa ajiyewa. Na bar shi riƙe da ita. Kurɓi ɗaya ya gagare shi, ke kuwa damina guda kina sha.

Baba ya ce in yafe, wai da kina nan da tuni kin yafe. Na sani. Amma hakkin naki ne, ba zan yi kyauta da abin da ba nawa ba. Nawa kason kuwa ban yafe ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ya jira ranar da za ku tsaya tare.

Yau aka rufe rijiyar, Innata. Sun ce ƙasar za ta daɗe kafin ta warke. Moɗar tana ɗakinki, ban wanke ta ba.

Allah ya jiƙan ki, ya saka miki tun a nan duniya. Ya shayar da ke daga Alkausara, ruwan da ba wanda zai iya ɓata miki shi.

Autarki da ba ta huce ba,
Hajara.