Ba Za a Tono Sale Ba

Libreville, daren Laraba, Fabrairu 1994

Sun sake hana fanshon Sale. Na rufe shago, na ratsa shingayen sojoji har biro, wato ofishin fansho, wai babu shaidar cewa raunin da ƙanena ya samo a aikin soja ne ya kashe shi. Wai mun binne shi kafin la'asar, likitansu bai buɗe gawa ba. To, mu ajiye musulmi a firji kamar kifi?

Ma'aikacin biron ya ce, "Alhaji, in za ku ɗaukaka ƙara, sai an tono shi."

Ni fa na yi wa gawar Sale wanka. Na ga ramin nan na haƙarƙarinsa da bai taɓa warkewa ba.

Da na biya gidansa, na tarar da matarsa Hajara tana auna wa yara shinkafa da ƙaramin kofi. Tun faɗuwar darajar kuɗinmu na sefa haka take yi. Ta ce, "Yaya, in tonon ne kaɗai hanya, na yarda." Na ce kul!

Daga tallan goro na gina shagona, ciyar da su ba zai gagare ni ba. Amma wannan haƙƙinsu ne, ba sadaka ba. Gobe zan koma da abokan aikinsa da suka ɗauko shi jina-jina, su ba da shaida. Mutanen biro su kore ni sau nawa suka ga dama, Sale dai yana nan inda muka kwantar da shi.