Kar Ka Kunna Kwamfutar Nan

Auta,

Na tafi aiki kana barci. Na ga sabon katin girafik da Baba ya sa maka a tsohuwar kwamfutar ofishinsu. Shekara biyu ina roƙonsa irinsa saboda zanen gine-ginen da nake yi, kullum sai ya ce in yi haƙuri. Kai kuwa sau ɗaya ka buɗe baki, don buga gem kawai. Allah ya sanya alheri.

Na buɗe akwatin na duba. Na'urar da ke ba ta wuta ƙarama ce, ba za ta ɗauki katin ba, yana iya ƙonewa. Kar ka kunna sai na dawo da babbar na'urar.

Wallahi har na kai bakin ƙofa da niyyar in yi shiru.

Yayarka